Ɗakin da Shekara Ba Ta Juyawa

Yayan matata bai taɓa sayar da agogo ba, bai taɓa gyara na kowa ba, ko na hannunsa ma sai ya kai shi dab da hanci yake gane ƙarfe nawa, amma duk layinmu Mai-Agogo ake ce masa. Ni Yaya nake ce masa, don ƙanwarsa nake aure kuma ina son zaman lafiya a gidana. Shi kuma Direba yake kirana, ko a wurin aiki ko a falonsa, kamar iyayena sun manta ba su sa mini suna ba.

Kamfanin fenti muke yi wa aiki. Ni ke jan motar kai kaya, shi ke kula da kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan kamfanin. In ka shiga shagon, ka wuce kanta, ka wuce gwangwanayen da aka jera har rufi, ka raɓa ta gefen injin haɗa launi, za ka ga wata ƙofa da ba ta buɗuwa duka saboda kabad ɗin da ke bayanta. Sai ka karkace ka shiga da kafaɗa. Nan ne ɗakinsa. Taga ɗaya ce, can sama, kuma wani ya taɓa gwada shuɗin fenti a gilashinta bai goge ba, don haka hasken da ke saukowa kamar na ƙarƙashin ruwa yake. Fanka na juyawa a hankali kamar ana roƙonta. Kwamfutar kuwa, wadda da fara ce, ta koma kalar haƙorin tsoho, tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa a cinya.

A cikinta akwai sunan duk wanda ya taɓa sayen ko da buroshi a wurinmu. Amma abin da ya fi daraja shi ne haɗin launi: ɗigo nawa na ja, nawa na rawaya, nawa na baƙi aka zuba wa wane. Mutum zai zo ya ce yara sun zane masa bangon falo, yana son irin fentin da aka haɗa masa tun kafin a haifi yaran. Yaya ya danna, injin ya yi tari, ya tsiyayo launin daidai wa daida. Marigayi Tsoho, wanda ya kafa kamfanin, da wannan yake cika baki. Cewa yake wasu na sayar da fenti, mu kuwa ba ma manta launi.

Ga yadda Yaya ya samu laƙabinsa. Masu manhajar da ke tafiyar da rumbun, duk bayan ɗan lokaci sai su fito da sabuwa, su ce a sabunta. Da aka fara kawo wa Tsoho maganar, tambaya ɗaya ya yi: za a rufe shago? Aka ce eh, na ɗan lokaci. Ya ce a bari sai kasuwa ta lafa. Da kasuwa ta lafa, ya ce wa ke taɓa aljihu kasuwa na kwance? Da aka sake fito da wata, sai aka ce tsohuwar kwamfutar ba za ta ɗauke ta ba. Aka duba sabuwar kwamfuta, aka ga ba ta da ramin da za a soka ƙatuwar wayar injin haɗa launi. Aka nemi waɗanda suka ƙera injin, aka tarar sun sayar da kamfaninsu ga wasu, wasun ma sun sayar sun koma yin injin wanki. Ga shi ita sabuntawa kamar matakalar bene ce, ba a tsallake. Duk wadda ta wuce ka, sai ka dawo ka taka ta. Muna tsaye a ƙasa muna kallo bene ya yi ta ƙara tsawo.

Ran nan, safiyar sabuwar shekara, manhajar ta ƙi buɗewa. Ta rubuto cewa wa'adinta ya cika. Masu fenti sun yi layi har bakin titi da bokitai, Tsoho yana kai-komo yana tsaki. Yaya ya zauna, ya shiga agogon kwamfutar ya mayar da shi baya, farkon shekarar da ta wuce. Manhaja ta leƙo, ta ga ashe da sauranta, ta buɗe tana murmushi. Yaya ya ce dabara ce ta kwana biyu kafin a shirya.

Ɗana na fari yana goye a lokacin. Yanzu gemunsa ya fi nawa. Duk ƙarshen shekara Yaya ya sake murɗe agogon ya mayar da shi farkon waccan shekarar, ita ɗin dai. A waje an haƙa titi an binne an sake haƙawa, Tsoho ya rasu 'yarsa ta zama Manaja, waya ta bar jikin bango ta koma aljihu, amma a ɗakin nan shekara ɗaya ake ta maimaitawa kamar ɗalibin da malami ya tsana. Rasit ya fito da tsohuwar shekara, Kashiya mai karɓar kuɗi ta soke da biro ta rubuta ta gaskiya, har hannunta ya saba yana yi ba tare da ta duba ba. Shekarar da Fabrairu ya zo da ƙarin kwana, kwamfuta ta ce ita ba ta san da wannan rana ba, sai mu yi ashirin da takwas sau biyu. Na taɓa ce wa Manaja tunda haka ne ai ban tsufa ba, a daina kallona da maganar ritaya. Ta ce tunda haka ne albashina ma na waccan shekarar ya kamata ya zama. Daga nan na bar kaza cikin gashinta.

Ni dai ina son ɗakin. Da tsakar rana in na dawo daga kai kaya, nakan shimfiɗa kwali a bayan kujerarsa in miƙe. Ƙamshin tinna da ake tsarma fenti da ita da na ƙura mai ɗumi, shuɗin hasken nan yana yawo a bango, ƙarar madannai ɗaya-ɗaya kamar ɗigar ruwa daga rufi. Ban cika yin barci ba, ban kuma cika farkawa ba. Wani lokaci sai in ji kamar in na fita zan tarar da tsohuwar motata a ƙofa, wadda sai an tura take tashi, da Tsoho a kanta yana lissafi da yatsu, da matata a gida da jariri tana jirana ba tare da jerin laifuffukana ba. Sai Kashiya ta ƙwala mini kira, in karkace in fito, gwiwata ta tuna mini gaskiyar shekara.

Abin da dabarar ta ci wa Yaya shi ne hutu. Ɗan batirin da ke riƙe wa kwamfutar lokaci ya mutu tuntuni, kuma ba wanda ya yarda a buɗe cikinta, don kada a taɓa abin da ba a san yadda za a mayar ba. Saboda haka kowace safiya sai an gaya mata kwanan wata da hannu, da tsohuwar shekara, bayan an kunna injin haɗa launi an jira ya yi tarinsa, kafin a kunna firinta. In aka saɓa, ta yi fushi. Ya taɓa koya wa Kashiya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Hannunta da ya saba gyara shekara ya rubuta ta gaskiya. Manhaja ta kulle. Ni na je na ɗauko shi a lulluɓe da bargo yana rawar sanyi, ya lallashe ta har ta haƙura. Tun daga nan bai ƙara kwana a wani gari ba. Auren 'yarsa ma sai da ya zo ya tayar da kwamfuta sannan ya tafi.

Sai ido ya fara. Da farko cewa ya yi gilashin kwamfutar ne ya dushe, ya yi ta goge shi da gefen riga. Sannan ya ce ƙwan fitila ne. Ya ƙara girman rubutu har sunan mutum ɗaya ya cika allon. Rannan a mota ya tambaye ni wa ya ƙone shara gari ya yi hayaƙi haka, alhali sama tas take kamar an wanke. Na gaya wa ƙanwarsa, ta ja shi asibiti kamar akuya. Likita ya ce yanar ido ce ta kama duka biyun, na dama ta nuna sosai, a zo a cire, bayan nan kuma ya yi makonni bai kalli kwamfuta ba. Aka sa rana, Yaya ya ɗaga. Aka sake sawa, ya sake ɗagawa. Wa zai tayar da ita?

Kafin nan ya riga ya fara kuskure. A rumbun, mutum ɗaya na iya samun haɗi goma, duk da kwanan watan shekara ɗaya, kuma Yaya kaɗai ke dubawa ya gane wanne ne na yaushe. Wani mai ɗakin shan magani ya aiko a haɗa masa irin na bangonsa, ruwan toka mai haske. Yaya ya zaɓi layin ƙasa da shi, wanda mutumin ya taɓa saya don ɗakin 'yarsa. Ni na kai, masu fenti suka shafa ba su tambaya ba. Har yau in ka bi ta layin za ka ga ɗakin shan magani kalar hoda, kamar za a yi wa panadol kwalliya.

A zuwa na uku likita bai yi dariya ba. Ya ce wannan ce rana ta ƙarshe da zai ba shi, kuma in yanar ta ƙara tauri, ba ya ɗaukar alkawarin idon dama. Ƙanwarsa ta dawo gida ta zazzage mini faɗan da ya kamata ta yi masa. Manaja ta ce to, ranar wanka ba a ɓoye cibi, ta kira masu manhaja.

Wadda suka turo mace ce sa'armu, mai gilashi a rataye a wuya, muna ce mata Injiniya. Ta karkace ta shiga ɗakin, ta duba kwanan watan da ke kusurwar allo, ta duba wayarta, ta sake duba allon. Ta tambayi Yaya tun yaushe. Da ya faɗa mata sai ta nemi kujera. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi ta ga wurare da yawa da suka maƙale a ƙasan bene, amma ba ta taɓa ganin inda aka ɗaure rana da igiya ba.

Ta kwafi rumbun ta tafi da shi, ta hau da shi matakalar nan ɗaya bayan ɗaya. Injin haɗa launi ta samo masa wata 'yar na'ura mai baki biyu da za ta yi masa tafinta da sabuwar kwamfuta. Amma a mataki na ƙarshe abu ya cije. Lambar rasit ɗinmu duk sabuwar shekara daga ɗaya take farawa. Tsohuwar manhaja ba ruwanta, ko rasit nawa ne masu lamba ɗaya da shekara ɗaya haɗiyewa take. Sabuwar kuwa 'yar ƙa'ida ce: ta ɗauki ɗaya, ta ce sauran maimaici ne, ta watsar. Sai an ba kowanne shekararsa ta gaskiya. Injiniya ta so ta bi jerin yadda aka shigar da su, sai ta tarar Yaya, don tsabta, duk ƙarshen wata yana danna wani abu da ke sake jera su bisa harafin suna. Ta raba na ciniki ta hanyar farashi, tunda farashi bai taɓa yin baya ba. Amma haɗin launi ba shi da farashi. Ta ce waɗannan sai wanda ya tuna.

Ta kawo wata hanya: duk wanda ba a gane shekararsa ba a tara shi gefe, ana iya karantawa amma injin ba zai haɗa daga ciki ba. Wanda ya zo neman tsohon launi, ya ɓantaro ɗan ɓawon bangonsa a gwada sabo. Yaya ya ce shi da ransa ba za a aiki mai saye ya je ya kankare gidansa ba. Ya ce zai tuna su duka kafin ranar asibiti.

Idonsa ba ya karatu, don haka aka ba ni aikin. Kullum in na gama kai kaya, in zauna gaban allon in karanto suna da wata da haɗi, shi kuma ya jingina ya rufe ido.

Ban san haka kan mutum yake ba. In ce, mai gidan burodi, watan bakwai, kore mai ɗigon baƙi. Shuɗin hasken yana kwance a fuskarsa, ya ce wannan shekarar da rufin shago ya yi yoyo ne, don ya tuna mutumin ya tsaya da lema a cikin shago yana zaɓe. In ce, makarantar 'yan yara, rawaya. Ya ce shekarar da autarsa ta yi ƙyanda, don ya je gida da ɗigon rawayar a hannun riga ta ce masa ya kawo mata rana. Wata bazawara da ta sa aka haɗa mata shuɗi sau huɗu tana cewa bai kai na rigar mijinta ba. Wani mai kwale-kwale da ya zo daga nesa da ɓallin katako a aljihu. Shi ba ya faɗin shekara da lamba, sai dai da abin da ya faru, ni kuma in yi ta gardama da shi kan ko yoyon rufi ya riga haƙar titi, har mu daidaita in rubuta. Wani lokaci muryarsa ta yi ƙasa, launukan su riƙa wucewa ta gabana kamar kifaye, in ga gidajen garin nan duka sun tuɓe suna sake sa kaya ɗaya bayan ɗaya. Sai in farga na daɗe ban karanto komai ba, shi ma bai lura ba.

Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe, mu kuwa daɗewar ce ba mu da ita. Ranar asibiti ta matso, ko rabi ba mu ci ba. Yaya ya fara cewa ai likita ma mutum ne, in aka yi masa bayani zai gane. Na ce likita zai gane, yanar ce ba ta jin Hausa. Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ana saura kaɗan, na koma inda muka tsaya jiya, na ɗan yi baya ban sani ba. Na karanto masa wani tela, watan uku, ja mai duhu. Ya rufe ido ya ce shekarar da Tsoho ya karye a ƙafa ce, telan ma har ya zo da ɗansa ya riƙe masa gwangwani. Na ɗaga hannu zan rubuta, sai na ga an riga an cike gurbin. Jiya ya ba ni shi. Jiya kuwa cewa ya yi shekarar da aka sa fitilun titi ce, telan ya zo shi kaɗai a keke ana yayyafi. Tsakanin biyun akwai shekaru masu yawa.

Baki gare ni, kowa ya sani, amma sai da na juya harshena kafin na gaya masa. Ya buɗe ido, farin nan yana yawo a cikinsu kamar madara a ruwa. Ya ce in sake gwada shi da wani. Na zaɓo cikin na makon jiya. Ya ba ni labari mai daɗi, har da kalar hular mutumin, kuma ba shi ne wanda ya ba ni a baya ba. Muka gwada na uku, wannan ya dace. Na huɗu bai dace ba.

Fanka ta yi ta juyawa. Can ya ce, "Direba, duk ina ganinsu fa. Tar nake ganinsu."

Na ce, "Na sani, Yaya. Ni ma da kake faɗa ina ganinsu."

"To wanne ne na gaskiya?"

Bai jira ni ba. Ya lalubo wayarsa ya miƙo mini ya ce in kira masa Injiniya. Ya gaya mata ta tara su gefe, har da waɗanda muka cike, tunda ba a san na dogara ba. Ya ce in mai saye ya zo, a ba shi haƙuri, a ba shi aron abin kankara.

Ranar hutu da hantsi aka yi ƙaurar, shago a rufe. Injiniya ta gama haɗa sabuwar kwamfuta a kan kanta, inda kowa zai iya kaiwa, ta ce saura a kashe tsohuwar. Yaya ya ce a bar shi. Ya sa hanci dab da allo, ya shiga agogon, ya tambaye ni shekarar da muke ciki, ba don bai sani ba. Na faɗa, ya rubuta da yatsa ɗaya. Manhajar ta rubuto abin da ta rubuta tun ɗana yana goye, cewa wa'adinta ya cika. Ya ce mata gaskiyarki, ya kashe. Da gurnanin ya tsaya sai muka ji ashe ana jin motocin titi daga ɗakin. Injiniya ta gwada injin da sabon haɗi, ya yi tari, ya tsiyayo. Washegari Kashiya ta soke shekarar da ke jikin rasit na farko da biro, sannan ta ga daidai take.

Ni na kai shi asibiti, ni na zauna a benci da ƙanwarsa tana murza mini hannu kamar ni na sa masa yanar. Aka fito da shi da auduga a ido ɗaya. Da muka koma a cire audugar, likita ya ɗaga a hankali, ya ce ya buɗe. Yaya ya ƙifta, hawaye ya zubo, ya ƙifta. Ya kalli bango, ya kalli hannunsa gaba da baya. Sannan ya juyo gare ni ya daɗe yana kallo, har na fara gyara hula.

Ya ce, "Direba, wa ya yi maka haka?"

Na ce me?

"Furfura har a gira. Kai da na bari da baƙin gashi."

Ƙanwarsa ta yi dariya har ta zauna. Likita ya ce idon ya yi, na hagu kuma sai bayan wannan ya warke, kuma kada ya ji an ce ɗagawa. Yaya ya ce a sa rana kawai.

A hanyar gida ya ce in bi ta cikin gari, kuma in rage gudu. Ya manna baƙin gilashin da aka ba shi a jikin taga yana kallon gidaje suna wucewa. Wani gidan ya ce fentinsa namu ne, wani ya ce ba namu ba, wani ya ce bai sani ba. Na bayanmu suna ta hon, na fito da hannu na ce su wuce.